Hoton Babana a Littafin Dakta

Wani malamin tarihi ya karɓi hoton babana aro, ya saka shi a littafinshi, ya rubuta a ƙarƙashi cewa wannan leburan reluwe ne wanda 'yancin kai bai tsinana wa komai ba. Babana a hoton nan direban jirgin ƙasa ne, kuma malamin ya sani, don a gabana aka gaya mishi, ba sau ɗaya ba. Abin da aka yi min ke nan. Na faɗe shi tun daga farko, don ni ban iya kewaye-kewaye ba.

Ban yi boko mai nisa ba. A aji biyu na sakandare na tsaya. Kusan shekara talatin ke nan ina da shago a Samaru, tsallaken titi daga ƙofar jami'a, ina fotokwafi, ina ɗaure wa ɗalibai furojet. Mai ɗaure littafi dole ya jera shafuka, kuma idan kana jerawa ido zai kai. Da haka na karanta abubuwa da yawa, har da furojet ɗin da masu su ba su taɓa karantawa ba.

A shagon nan na san rigimar 'yan sashen tarihi. Sun rabu gida biyu. Wasu sun ce ranar da Bature ya tafi ƙasar nan ta juya, talaka ya samu ƙofofin da da suke a rufe. Wasu sun ce ƙarya ne, tuta kawai aka canza, masu manyan riguna suka zauna a kujerar da Bature ya tashi, talaka yana inda yake. Ɗalibin da malaminshi yake gida na farko sai ya rubuta na farko, wanda nashi yake gida na biyu ya rubuta na biyu, ni kuma in ɗaure musu duka da baƙin bango iri ɗaya.

Malamin nan da na faɗa, Dakta muke ce mishi, ɗan gida na biyu ne. A lokacin saurayi ne siriri, yana da wata tsohuwar mota da sai an tura take tashi, kuma a wurina yake fotokwafi. Wata rana ya ji ina gaya wa wani cewa babana tsohon ma'aikacin reluwe ne. Ya ajiye takardun hannunshi ya ce, "Yana da rai?"

Na ce, "Ya fi ni lafiya."

Ya ce, "Don Allah ka kai ni wurinshi."

Ranar Asabar na tura mishi mota, muka nufi Jushi, unguwarmu.

A ƙofar gidanmu akwai bishiyar mangwaro, a nan Baba yake zama bayan la'asar shi da amininshi, wani dattijo ɗan ƙabilar Ibo da muke kira Baba Mai Tuta. Shi aikinshi a reluwe shi ne zama a taragon ƙarshe da tuta biyu, ja da koriya, idan ya ɗaga koriya jirgi ya tashi, idan ya ɗaga ja ya tsaya. A Sabon Gari aka haife shi, Hausarshi ta fi tawa. Lokacin yaƙin basasa da ya tafi gabas, Baba ne ya riƙe mishi makullin gida, da ya dawo ya tarar da komai, har da tutocin nan a naɗe cikin buhu. Tun da suka yi ritaya kullum sai ya tako daga Sabon Gari da tutocin a hammata. Dokar majalisarsu ita ce a ajiye su a tsakiyar tabarma. Idan mutum yana magana ka ji ya saki hanya, ba ka katse shi da baki, sai ka ɗauki jar tuta ka ɗaga, dole ya yi shiru. Idan ya faɗi gaskiya ka ɗaga koriya ya ci gaba. Koriyar nan har ta yi ƙura don rashin amfani.

Dakta ya gaishe su a durƙushe, ya ajiye rikoda, ya danna kaset. Ya ce, "Iyayena, ranar da aka sauke tutar Bature, me ya canza a rayuwarku?"

Baba Mai Tuta ya riga Baba. Ya ce, "Ɗana, an yi kiɗa, an yi rawa, mun ci shinkafa. Washegari na je aiki, fomman ɗin nan dai, mai kula da mu, ya zage ni da irin zagin da ya yi min shekaranjiya. Ɗakin jira na manya a tasha, da Turawa ne a ciki ina waje, daga baya baƙaƙe ne a ciki ina waje. Rubuta, babu abin da ya canza."

Dakta yana ta gyaɗa kai kamar an ba shi kyauta. Sai ga jar tuta a sama a hannun Baba.

Baba Mai Tuta ya ce, "Ina ƙaryar a ciki, Direba?"

Baba ya ce, "Ba ka yi ƙarya ba. Rabi ka faɗa, ka zauna a kan rabi."

Daga nan Baba ya ba da labarinshi, wanda na ji ya fi sau ɗari amma ban taɓa jin shi da daɗi kamar ranar ba, don ya samu sabon kunne. Shekara goma sha ɗaya ya yi yana fayaman, wato mai zuba wa inji kwal da shebur. Ya san hanyar Gusau kamar tsakar gidanmu, ya san inda ake hawa, ya san inda inji yake nishi. Akwai baƙaƙen direbobi tun zamanin Bature, Baba bai ɓoye wannan ba, amma masu takarda ne. Shi da ya tsaya a elementare, duk lokacin da ya nemi jarrabawar direba sai Baturen loko, wato sashen injinan jirgi, ya miƙo mishi takardar Turanci, ya tsaya yana kallonshi. Bayan 'yanci da 'yan shekaru aka kawo sabon shugaban loko, ɗan ƙasa. Shi ya ce a bar takarda, a hau inji. Ya tambayi Baba komai da baki, ya sa shi ya ja, ya tsaya, ya koma da baya, ya haɗa tarago. Da suka sauko ya ce mishi gobe shi zai kai kaya Gusau.

Baba Mai Tuta ya figi jar tuta. "Ɗana, kada ya ruɗe ka. Turawan ne suka tattara suka tafi, babu mai ja. A lokacin nan da jaki ya iya riƙe birki da an ba shi inji."

Baba ya ce, "To ai tafiyar tasu ita ce 'yancin, tsohon banza."

"Ina jirgin yanzu? Je ka loko ka gani, awaki ne suke kwana a ciki."

"Mu muka kashe shi."

"Kana alfahari ke nan?"

"Da ko kashe abu ba ka da iko. Wannan da hannunmu muka yi."

Dakta ya yi dariya har gilashinshi ya faɗi. Ni kaina na riƙe ciki. Sai muka ji muryar Inna daga cikin zaure, ashe ta kawo kunu ta tsaya tana saurare. Ta ce, "Malam, in ana tambayar mata, ni dai kwal ɗin da nake wankewa a rigarshi bai san an samu 'yanci ba. Yana fayaman baƙi yake dawowa, ya zama direba baƙi yake dawowa." Tsofaffin nan biyu suka kai hannu kan koriyar tuta a tare, suka ɗaga ta tare. Ban taɓa ganin haka ba sai ranar.

Asabar shida muka yi muna zuwa. Ba zan yi ƙarya don ina jin haushin mutum ba, kwanakin nan suna cikin mafi daɗi a rayuwata. Baba ya koma saurayi. Tun Alhamis yake sa a goge mishi riga. Ya riƙa tuno sunayen tashoshi a jere, yana kwaikwayon kukan inji a hawa, yana nuna yadda ake jefa kwal ya bazu ba ya taru wuri ɗaya ba, da tsintsiyar Inna a madadin shebur. Maƙwabta suka fara zuwa da kujerunsu. Dakta ya ci dambun Inna har ya nemi ƙari, Inna ta ce wannan yaro matarshi ba ta ba shi abinci, ya ce ai bai yi auren ba, ta ce to ga dalili. Kowace tafiya ni nake tura motar, tsofaffi suna ba da umarni, Baba Mai Tuta yana ɗaga koriya idan ta kama.

Ana haka aka shirya taron ƙara wa juna sani a jami'a, Dakta zai kara da wata malama ta ɗaya gidan, ya ce in kawo tsofaffin. Baba bai taɓa shiga jami'a ba sai ranar, duk da shekarun da ya yi yana wucewa ta Samaru. Ya sa babbar riga, Baba Mai Tuta ya sa kwat da ta yi mishi yawa, da tutocin a hammata. Na ce a bar su a gida, ya ce in kula da fotokwafina.

Muka zauna a baya, ina fassara wa Baba abin da na tsinta. Malamar ta ce a dubi ɗakin taron nan, 'ya'yan manoma ne da 'ya'yan leburori a ciki, a zamanin Bature wa zai ba su kujera. Dakta ya ce a dubi waɗanda suke share ɗakin, su waye iyayensu. Aka yi tafi nan, aka yi tafi can. Ita ta kawo makarantu da asibitoci, shi ya kawo haraji da sarakai da kayan gona da har gobe ake fitarwa ɗanye. Gaskiya dukansu sun iya magana. Can Dakta ya ɗauki zafi, ya ce jirgin da Bature ya shimfiɗa gyaɗa da auduga kawai yake ɗauka zuwa teku, ba don mutane aka yi shi ba, kuma bai taɓa yi wa talaka rana ba.

Sai ga jar tuta a bayan ɗaki.

Ɗalibai suka juyo, dariya ta ɓarke. Shugaban taro ya rasa abin yi, ya ce dattijo yana da magana? Baba Mai Tuta ya miƙe ya ce, "Ɗana, ni ɗan gidanka ne, na yarda 'yanci bai yi komai ba. Amma kada ka zagi jirgi. A jirgin nan uwata ta zo Zariya da tukunya ɗaya. Mata uku sun haihu a taragona. Ka zagi Bature, ka bar jirgi." Ya zauna. Tafin da aka yi mishi ya fi na malaman biyu a haɗe. Malamar ta ce ita a ba ta aron tutar nan ta kai taron sashe.

Da muka fito na kai su shagona, na sayo musu tsire da lemo. Baba ya zauna yana kallon injin fotokwafi yana fitar da takarda. Ya ce, "Ashe dai kai ma direba ne." Ban taɓa jin daɗin sana'ata kamar ranar ba.

A Asabar ta ƙarshe Dakta ya nemi hoton. Hoto ne da aka ɗauki Baba ranar da ya dawo daga tafiyarshi ta farko a matsayin direba, yana tsaye a gindin inji, baƙi ƙirin da kwal, haƙora kawai ake gani. Shi kaɗai ne hoton Baba na ƙuruciya. A cikin akwatin Inna yake, ƙarƙashin zannuwa. Inna ta ce ba ta yarda ba. Ni na ce, "Inna, mutumina ne, sati biyu zai dawo da shi." Ta dube ni, ta miƙo. Ni na tsaya mishi, wannan laifina ne, kuma ban taɓa ɗora shi a kan kowa ba.

Sati biyu suka zama shekara. Dakta ya tafi ƙasar waje ƙaro karatu. Baba yakan tambaye ni, "Littafin yaron nan ya fito?" In ce ana kai. Har Allah ya karɓi abinshi bai gani ba. Dakta ya dawo, ya zama Farfesa, ya yi ƙiba, ya yi motar da ba a turawa, ya daina zuwa shagona. Sau biyu na tare shi a kan maganar hoton tun Baba yana da rai, ya ce yana cikin kaya, in dawo. Inna kuwa ba ta taɓa yi min gori ba. Idan ta buɗe akwatin sai dai ta rufe ta ci gaba da aikinta, ni kuma na gwammace ta zage ni.

Bara wata ɗaliba ta kawo wani littafi mai kauri ta ce in yi mata babi na huɗu. Ina buɗawa ina dannawa, hankalina yana wani wuri, sai ga haƙoran Baba sun fito daga cikin injin fotokwafi. Na tsaya. Na karanta abin da ke ƙasan hoton sau uku, don kada in ce Turancina ne ya gaza. Na ba ɗalibar ta karanta min. Lebura ne dai. A shafin da ke kallon hoton kuma ga maganar Baba Mai Tuta nan, ta fomman da ɗakin jira, ba a rage ko kalma ba. Na duba babin daga farko har ƙarshe. Babu shekara goma sha ɗaya, babu jarrabawar kan inji, babu Gusau.

Na rufe shago na tafi Sabon Gari da kwafin. Baba Mai Tuta ya haura casa'in yanzu, ido ɗaya ne yake ɗan gani. Ya kai takardar har bakin hancinshi, ya daɗe yana kallo, ya yi murmushi ya ce, "Direba." Da na karanta mishi rubutun sai murmushin ya ɗauke. Ya sa yatsa a ƙirjin hoton ya ce, "Me ka gani nan?"

Na ce, "Kamar sarƙa."

Ya ce, "Sarƙar agogo ce. Reluwe ba ta ba lebura agogo, ba ta ba fayaman. Wanda zai amsa tambaya idan jirgi ya makara shi ake ba. Duk ɗan reluwen da ya ga hoton nan ya san direba ne, ko ba a gaya mishi ba. Shi baƙin ya gani, ya ce ya samu lebura." Sannan ya ce, "Maganata ce a littafin, kuma har gobe ina kan bakana. Amma da fuskar abokina ya kafa min hujja. Shekara hamsin muna musu ban ci shi ba, sai bayan ya mutu wani zai ci min shi da ha'inci? Ban yarda ba. Je ka gaya mishi."

Ranar Litinin na sa rigar da nake zuwa ɗaurin aure, na tsallaka titi. Sakatariya ta ce ina da alƙawari da shi? Na ce tun shekara ashirin. Ta bar ni a benci har azahar, na zauna. Da ya fito zai tafi masallaci ya gan ni, ya ce, "A'a, mutumina! Ina Baba?"

Na ce, "Ya rasu."

Ya yi salati, ya ja ni ciki, ya yi min ta'aziyya, kuma na ga alamar abin ya taɓa shi. Na ajiye kwafin a kan teburinshi. Ya duba, ya cire gilashi, ya mayar. Ya ce masu buga littafi ne suka gajarta rubutun. Ya ce hoton ba mutum ɗaya yake nunawa ba, yana wakiltar dukan ma'aikata ne. Ya ce shi bai musa Baba ya zama direba ba, amma ƙarin girman mutum ɗaya ba ya canza tsarin al'umma, kuma tsarin shi ne abin da littafin yake magana a kai. Na bar shi ya gama, don ya iya magana tun da can.

Na ce, "Hoton fa?"

Ya tashi ya buɗe wata durowar ƙarfe. Bai yi minti biyar yana nema ba. Yana cikin wata ambulan, da kaset shida an ɗaure da roba. Na karɓa. Baba yana nan yadda yake, da haƙoranshi, da sarƙarshi. Na saka a aljihun gaba, na kwashi kaset ɗin ma ban tambaya ba, shi kuma bai hana ba. A raina na riga na ga fuskar Inna, na riga na ji muryar tsofaffin nan suna zagin juna a tsakar gidanmu, sai na ji wani sanyi da ban zo da shi ba.

Ya ce, "Za a sake buga littafin. Zan saka sunanka a shafin godiya, ka yi min ɗawainiya sosai."

Na miƙe tsaye, na ce, "Ranka ya daɗe, ka riƙe godiyarka, sunana bai ɓata ba. Ni ban san ko 'yanci ya canza ƙasar nan ko bai canza ba, ku da kuka yi karatu ku ci gaba da yi, ni zan ɗaure muku. Mai yiwuwa ma kai ne mai gaskiya. Amma in kai ne mai gaskiya, me ya sa ka ji tsoron tsoho ɗaya? Ka saka maganarshi a gefen ta abokinshi, kamar yadda suka zauna a gabanka, sannan ka kayar da shi in za ka iya. Baturen loko da ya hana babana inji bai taɓa kiranshi direba ba, amma a lokacin ai bai zama ba. Kai kuwa bayan ya zama, ya gaya maka da bakinshi, ka mayar da shi lebura. Idan za a sake bugawa, ka rubuta direba a ƙarƙashin hoton nan, ko ka cire shi. Kuma ɗalibanka a wurina suke fotokwafi. Duk wanda ya kawo babi na huɗu, zan gyara mishi da biro kafin in ba shi, in gaya mishi dalili."